Darasi na 9: Wa Alƙali Yake Tsoro? Ra'ayin Jama'a, Zaɓen Alƙalai da Hukuncin Kotu

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin ma'anar ra'ayin jama'a da 'yancin alƙali;
2. bayyana yadda ake naɗa alƙalai a Jihar Kaduna da yadda ake cire su;
3. bayyana yadda wasu ƙasashe ke zaɓen alƙalai da ƙuri'a, da abin da hakan ke jawowa;
4. rarrabe hanyar da ta dace jama'a su sa baki a harkar shari'a da wadda ba ta dace ba;
5. sanin matakin da zai ɗauka idan hukunci bai gamsar da shi ba.

GABATARWA

Mutumin Likoro ba baƙon layin zaɓe ba ne. Yana zaɓen kansila da ciyaman na Ƙaramar Hukumar Kudan, da ɗan majalisar jiha, da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Maƙarfi da Kudan, da sanata, da gwamna, da shugaban ƙasa. Amma akwai wani mai iko da bai taɓa dangwala wa ƙuri'a ba, alhali shi ke raba gado, shi ke tabbatar da aure ko ya warware shi, shi ke tura mutum gidan yari ko ya sallame shi. Wannan shi ne alƙali.

Wasu na ganin da ana zaɓen alƙalai, da sun fi jin kunyar talakawa. Akwai ƙasashen da suka gwada hakan, kuma za mu ga yadda ta kaya musu. Tambaya ɗaya za mu riƙa yi wa kowane tsari har ƙarshen darasin: idan alƙali ya ɗauki alƙalami zai rubuta hukunci, fushin wa yake gudu? Amsar wannan tambaya ita ke nuna inda hukuncinsa zai iya karkata.

KASHI NA 1: DA ME ALƘALI YAKE YANKE HUKUNCI?

Kayan aikin alƙali biyu ne: doka da hujja. Mai ƙara ya faɗi da'awarsa, wanda ake ƙara ya amsa ko ya musa, a kira shaidu, a duba takardu, inda shari'a ta nemi rantsuwa a yi ta. Abin da ya tabbata a gabansa shi zai auna da doka ya fitar da hukunci. Maganar da aka yi a teburin mai shayi, ko a gidan rediyo, ko a Facebook, ba ta shiga lissafi sai an kawo ta kotu an tabbatar da ita.

Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a kotu mai cin gashin kanta wadda ba ta da ɓangare. Sashen ya kuma ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar ya aikata. Musulunci ya daɗe da kafa wannan tushe. Lokacin da wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma, Manzon Allah (SAW) ya ƙi, ya nuna cewa ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni shi ya halaka al'ummomin baya. Haka Sayyidina Umar ya umarci alƙalinsa Abu Musal Ash'ari da ya daidaita masu shari'a a wurin zama da kallo da hukunci, don kada babba ya sa rai da son kai, kada kuma mai rauni ya yanke ƙauna.

AKWATIN MA'ANA
Ra'ayin jama'a: abin da yawancin mutanen wani wuri suke gani ko suke so game da wani al'amari a wani lokaci.
Hujja: abin da aka gabatar a kotu don tabbatar da magana, kamar shaidar gani da ido, ko takarda, ko iƙirarin da mutum ya yi ba da tilas ba.
'Yancin alƙali: halin da alƙali zai yanke hukunci bisa doka da hujja, ba ya tsoron rasa aikinsa ko albashinsa ko ransa.

Ra'ayin jama'a ba abin raini ba ne, domin mutanen gari sun san halin juna. Sai dai yana da rauni uku. Yakan ginu a kan ji-ta-ji-ta. Yakan tashi da fushi ya sauka bayan kwana biyu. Yakan kuma bi mai yawan dangi ya bar baƙo. A kasuwa da filin siyasa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a kotu hujja ta fi su duka biyun.

MISALI NA 1: SATAR BABUR

A ce an sace babur a Likoro. Bayan kwana biyu 'yan sintiri suka kama wani ɗan ci-rani da ya zo saran rake, saboda wani ya ce ya gan shi yana zagaya wurin. Ranar da aka kai shi kotu, mutum 200 suka cika harabar, kowa na cewa shi ne ɓarawon. Alƙali ya tambaya: wa ya ga ya ɗauka? Babu. An sami babur ɗin a hannunsa? A'a. Ya amsa laifi? Ya amsa lokacin da ake dukansa, a kotu kuma ya musa. Alƙali ya ba da belinsa ya ɗage zama. Sai gari ya ɗauka cewa an sayi alƙali.

Mu auna. Mutum 200 da suka ji daga bakin mutum ɗaya, shaida ɗaya ce, kuma ita ma ba ta ga ɗauka ba. Iƙirarin da aka samu da duka ba ya karɓuwa. Beli kuma ba sallama ba ne, shari'a na nan. Ke nan alƙalin aikinsa ya yi.

Mun ga ƙarshen hukuncin taro a watan Maris na 2025 a Uromi ta Jihar Edo, inda aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar zuwa gida yin Sallah, bisa zargin garkuwa da mutane. A ranar su ne baƙi, kuma taron da ya kashe su ya tabbata a ransa cewa shi ke da gaskiya.

KASHI NA 2: YADDA AKE SAMUN ALƘALI A JIHARMU

A Najeriya ba a zaɓen alƙali, naɗa shi ake yi. Ƙananan kotuna a Jihar Kaduna iri uku ne: Kotun Shari'ar Musulunci, Kotun Gargajiya da Kotun Majistare. Alƙalansu Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha ce ke ɗaukarsu, ta yi musu ƙarin girma, ta ladabtar da su. Babban Jojin Jiha ne shugabanta. A cikinta akwai Kwamishinan Shari'a, da Alƙalin Alƙalai na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, da shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Gargajiya, da lauyoyi 2, da wasu mutum 2 da ba lauyoyi ba.

Alƙalan manyan kotuna kuwa, irin Babbar Kotun Jiha mai zama a Zariya, hanyarsu ta fi tsawo. Sai lauya ya cika shekara 10 da zama lauya. Hukumar jiha ta tura sunaye ga Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NJC, ita kuma ta tantance ta ba gwamna shawara, sannan gwamna ya naɗa. Idan Babban Joji ne ko Alƙalin Alƙalai, sai Majalisar Dokokin Jiha ta amince.

Da zarar an naɗa shi, doka ta kāre shi ta hanyoyi uku:

1. Wa'adi. Tun gyaran kundin tsarin mulki na watan Yunin 2023, alƙalan manyan kotuna suna iya aiki har shekara 70.
2. Wahalar cirewa. Gwamna ba ya korar alƙalin babbar kotu sai da shawarar NJC. A 2009 gwamnati da majalisar Jihar Kwara suka cire Babbar Jojin jihar, Mai Shari'a Raliat Elelu-Habeeb. A 2012 Kotun Ƙoli ta ce cirewar ba ta halatta ba tunda ba a bi ta NJC ba.
3. Kuɗin kotu. Doka ta ce a miƙa wa shugabannin kotuna kuɗinsu kai tsaye. Rashin cika wannan ne ya sa ma'aikatan shari'a suka rufe kotunan ƙasar nan kimanin wata biyu daga Afrilun 2021.

An yi waɗannan tanade-tanade ne don kada tuwon alƙali ya kasance a hannun wanda wata rana zai tsaya a gabansa.

AKWATIN MA'ANA
Naɗi: ba mutum muƙami ta hannun wata hukuma ko shugaba, ba ta ƙuri'ar jama'a ba.
NJC: majalisar da Babban Jojin Najeriya ke shugabanta, mai ba da shawarar naɗa alƙalan manyan kotuna da ladabtar da su.

KASHI NA 3: INDA AKE ZAƁEN ALƘALAI

Amurka ce ta fi shahara da wannan. Alƙalan kotunan tarayyarta naɗa su ake yi, kuma ba su da wa'adi. Amma a cikin jihohinta 50, jihohi 39 suna amfani da ƙuri'a wajen samun aƙalla wasu daga cikin alƙalansu. Jihar Misisipi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, jihar Niyok ta bi a 1846, sannan abin ya bazu. Masu kawo tsarin da kyakkyawar niyya suka zo. Sun ga gwamnoni da 'yan majalisa suna rabon kujerun alƙalanci ga yaransu, sai suka ce gara a mayar da zaɓin hannun jama'a.

Zaɓen iri uku ne. Akwai wanda ɗan takara ke tsayawa da tutar jam'iyya. Akwai wanda ake fafatawa amma ba a rubuta sunan jam'iyya. Akwai kuma ƙuri'ar tabbatarwa, wadda jihar Mizuri ta ɗauka a 1940: a fara naɗa alƙali, bayan wasu shekaru a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka.

Bolibiya ta fara zaɓen alƙalan manyan kotunanta a 2011. Meziko ta yi nata na farko ranar 1 ga Yunin 2025, har da alƙalai 9 na Kotun Ƙoli, amma kimanin mutum 13 cikin kowane 100 na masu rajista ne kawai suka fito. Sunaye sun yi yawa a takardun ƙuri'a, kuma yawancin mutane ba su san 'yan takarar ba.

AKWATIN MA'ANA
Zaɓen alƙalai: tsarin da jama'a ke jefa ƙuri'a don ɗora alƙali a kujera ko barinsa a kanta.
Ƙuri'ar tabbatarwa: ƙuri'ar "i" ko "a'a" a kan alƙali mai ci, babu abokin takara.

KASHI NA 4: ABIN DA ZAƁE KE YI WA HUKUNCI

Tasiri na farko: hukunci yakan tsananta idan zaɓe ya ƙarato. A 2004 wasu malaman jami'a biyu, Gregory Huber da Sanford Gordon, suka fitar da binciken shari'o'in laifi sama da 22,000 a jihar Fensilbaniya. Sun gano cewa alƙali yakan ƙara tsawon ɗauri gwargwadon kusantowar ranar ƙuri'arsa, har suka ƙiyasta ƙarin ya haura shekara 1,800 idan aka haɗa. Wani bincike na 2013 a jihar Washinton ya nuna ɗaurin manyan laifuka yakan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 a ƙarshen wa'adin alƙali.

Dalilin a fili yake. Idan alƙali ya sassauta wa wani, mutumin ya fito ya sake ɓarna, abokin takara zai yi ta yayata labarin a talabijin. Idan kuwa ya tsananta fiye da kima, babu mai ji sai ɗaurarren da iyalinsa. Kuskure ɗaya yana cin kujera, ɗayan ba ya ci, don haka alƙali mai son komawa ya san wanda zai guje wa.

MISALI NA 2: LISSAFI

Mutum biyu sun aikata laifi iri ɗaya a gaban alƙali ɗaya. Na farko an yanke masa shekara 5 a farkon wa'adin alƙalin. Na biyu ya zo dab da zaɓe, aka ƙara masa kashi 10 cikin 100.

Shekara 5 wata 60 ke nan. Kashi 10 cikin 100 na 60 shi ne 6. Na biyu zai yi wata 66.

Wata 6 ga manomi damina ce sukutum, daga shuka har girbi. Laifinsu ɗaya, hujja ɗaya. Ranar da shari'ar ta faɗo ce kawai ta bambanta su.

Tasiri na biyu: hukunci kan magana mai zafi yakan raba alƙali da kujera. A 1986 masu zaɓe a Kalifoniya suka sauke Babbar Jojin jihar, Rose Bird, tare da abokan aikinta biyu. Babban abin da aka yaƙe ta da shi shi ne, duk shari'ar kisa da ta zo gabanta ta goyi bayan soke hukuncin. A 1996 haka ta faru da Mai Shari'a Penny White a jihar Tenesi, saboda shari'ar kisa guda ɗaya. Sauran alƙalai suna kallo, kuma kowa ya ɗauki darasi.

Tasiri na uku: kuɗi. Takara tana cin kuɗi, kuma masu bayarwa sau da yawa su ne masu shari'a a kotun. A 2002 wata kotu a jihar Wes Bajiniya ta umarci kamfanin kwal na Massey ya biya wani ɗan kasuwa, Hugh Caperton, dala miliyan 50. Shugaban kamfanin, Don Blankenship, ya kashe kimanin dala miliyan 3 a zaɓen 2004 don Brent Benjamin ya shiga kotun ƙolin jihar. Da ƙarar ta iso, aka nemi Benjamin ya janye, ya ƙi. Kotun ta soke biyan da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, yana cikin ukun. A 2009 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen 5 a kan 4, ta ce wajibi ne da ya janye. Abin bai tsaya nan ba: takarar kujera ɗaya ta kotun ƙolin jihar Wiskonsin a 2025 ta ci kimanin dala miliyan 100.

Duk da haka masu goyon bayan zaɓe suna da hujjarsu. Suna cewa alƙalin da ba mai iya taɓa shi yakan yi girman kai ko lalaci, kuma shi ma naɗi siyasa ce, sai dai a ɗaki ake yin ta. Wannan magana ba a watsar da ita, kamar yadda za mu gani yanzu.

AKWATIN MA'ANA
Janyewar alƙali: alƙali ya tsame hannunsa daga shari'a saboda dangantaka ko wata moriya da ke tsakaninsa da ɗaya daga cikin masu shari'ar.

KASHI NA 5: MU DA BA MA ZAƁE, MUN TSIRA?

Ba mu tsira ba. Naɗi ba ya kawar da tsoro, wanda ake tsoro kawai yake canzawa. Kafin 1968 kotunan alƙalai a Arewa suna ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya, ita ke naɗa alƙali ita ke biyansa. 'Yan jam'iyyar NEPU, irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, sun sha ɗauri a wancan zamani, kuma babban kukansu shi ne ana amfani da kotu wajen murƙushe 'yan adawa. A 1968 ne aka karɓe kotunan daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha. A yau matsin yakan zo ta fuska uku: masu mulki da ke da hannu a naɗi da kasafin kuɗi, masu kuɗi da kamun ƙafa, da kuma taron jama'a. Ga misalai biyu na fuska ta uku.

Shari'ar Amina Lawal. A Maris na 2002 Kotun Shari'a ta Bakori a Jihar Katsina ta yanke mata hukuncin jefewa saboda haihuwa bayan aurenta ya mutu. Babbar Kotun Shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Matsi ya taso daga ɓangare biyu. A gida wasu na ganin soke hukuncin ja da baya ne ga shari'ar Musulunci da aka ƙaddamar a jihar. A waje kuma ana ta zanga-zanga da aiko da takardun koke, har ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB ta roƙi masu aikowa su dakata, domin hayaniyar na iya sa alƙalai su ji kamar ana tursasa su. Ranar 25 ga Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta sallame ta da rinjayen 4 a kan 1. Dalilan da ta rubuta daga fiƙihun Malikiyya da dokar jihar suka fito: alƙalin farko ya zauna shi kaɗai alhali doka ta ce da mataimaka biyu, mai iƙirari yana da damar janye iƙirarinsa, kuma akwai mas'alar kwantaccen ciki, wadda ke ba da damar jingina ɗa ga tsohon miji har shekara 5 bayan rabuwa. Abin lura a nan shi ne rubutaccen dalili. Duk malamin da bai yarda ba zai iya buɗe littafi ya auna hukuncin.

Shari'ar zaɓen gwamnan Kano. Ana dab da yanke hukunci a Satumban 2023, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sallami wani kwamishinansa da aka gani a bidiyo yana yi wa alƙalai barazana. Ranar 20 ga watan, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta karanta hukuncinta ta manhajar Zoom, alƙalan ba su zauna a zauren kotun ba. Ta soke ƙuri'u sama da 165,000 ta ba Nasiru Yusuf Gawuna na APC nasara, 'yan sanda kuma suka sa dokar hana fita ta awa 24. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a Nuwamba. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin ta tabbatar da Abba, ɗan takarar NNPP. A kowane mataki, ɓangaren da ya yi nasara ya yabi kotu, wanda ya faɗi ya zarge ta. Wannan ya nuna mana cewa yabo da zagin taro sun fi bin wanda ya ci, ba ƙarfin hujja ba.

KASHI NA 6: INDA MURYAR JAMA'A TAKE DA HURUMI

Jama'a suna da cikakken haƙƙi a kan dokar da za a yi musu shari'a da ita. Abin da ba su da shi shi ne faɗa wa alƙali wanda zai ba gaskiya a shari'ar da ke gabansa. Jiharmu misali ce. Bayan rikicin shari'a na Fabrairun 2000 da ya ci rayuka masu yawa a Kaduna, gwamnatin Ahmed Mohammed Maƙarfi da Majalisar Dokoki suka soke kotunan yanki a 2001, suka kafa Kotunan Shari'ar Musulunci da Kotunan Gargajiya. Buƙatar jama'a ce ta canza fasalin kotuna, amma ta hannun zaɓaɓɓun wakilai da rubutacciyar doka.

Ga hanyoyin da suka dace:

1. Ba da shaida. Wanda ya ga abu da idonsa ya je kotu ya faɗa, kada ya tsaya a majalisar ƙofar gida.
2. Halartar kotu. Doka ta ce a yi shari'a a bainar jama'a. A zauna a saurara cikin natsuwa.
3. Sulhu. Mai unguwa, dagaci, hakimi, ardo da liman suna iya sasanta rigimar gona ko bashi ko aure, muddin ba tilas a ciki.
4. Ɗaukaka ƙara. Wa'adinta gajere ne, sau da yawa kwana 30. A tambayi rajistara tun ranar hukunci, a nemi kwafin shari'a.
5. Koke. Wanda ke da hujjar alƙali ya karɓi toshiyar baki ya rubuta wa Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jiha. Idan alƙalin babbar kotu ne, NJC ake rubuta wa, da suna da sa hannu da takardar rantsuwa.
6. Neman gyaran doka ta hannun ɗan majalisa.

Hanyoyin da ba su dace ba: barazana, cika kotu da ihu, aika babban mutum gidan alƙali da dare, kai buhun masara ko mazarƙwaila da sunan gaisuwa, da yaɗa zargin cin hanci ba hujja.

MISALI NA 3: ƁARNAR GONA

Shanu sun shiga gonar rake a fadama sun yi ɓarna. Mai gona ɗan gari ne mai dangi, yana neman diyyar naira 400,000. Makiyayin ya amsa cewa shanunsa ne, amma ya ce ɓarnar ba ta kai haka ba. Alƙali ya tura aka duba gonar tare da malamin gona da wakilin kowane ɓangare, aka ƙiyasta naira 150,000, ya yanke a biya hakan. Dangin mai gona suka fusata, wasu suka ce a yi gayya a je kotu, wasu suka ce a nemi ɗan siyasa ya kira alƙalin.

Me ya kamata? Mai gona ya duba ko yana da abin da zai rushe ƙiyasin: shaidun da suka ga faɗin wurin, hotunan waya na ranar, farashin rake a kasuwa a lokacin. Idan yana da su, ya ɗaukaka ƙara cikin wa'adi. Idan ba shi da su, ya karɓi haƙƙinsa. Ya kuma tuna cewa alƙalin da gayya ta tanƙwara masa yau, gobe wata gayyar da ta fi tasa za ta tanƙwara shi a kansa, ranar da ɗansa ya je ci-rani wani gari.

TAƘAITAWA

Alƙali da doka da hujja yake aiki. Inda ake zaɓensa, yakan ji tsoron masu ƙuri'a da masu ɗaukar nauyin takara, kuma bincike ya nuna hakan na tsananta hukunci. Inda ake naɗa shi, kamar a nan, tsoron yakan koma ga masu mulki, masu kuɗi da taron jama'a. Abin da ke rage tsoron shi ne tabbataccen wa'adi, kuɗin kotu a hannun kotu, shari'a a fili, rubutaccen dalili da damar ɗaukaka ƙara. Jama'a su gyara doka ta hannun wakilansu, su ba da shaida, su kai koke da hujja, su bar hukunci ga wanda aka ɗora wa amanarsa.

TAMBAYOYIN BITA

A. Cike gurbi
1. Kayan aikin alƙali biyu su ne ______ da ______.
2. Sashe na ______ na kundin tsarin mulki ne ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a kotu.
3. Jihohi ______ cikin 50 na Amurka suna amfani da ƙuri'a wajen samun alƙalai.
4. A shekarar ______ aka soke kotunan yanki a Jihar Kaduna.

B. Gaskiya ko kuskure
1. Ba da beli yana nufin an wanke wanda ake tuhuma.
2. Gwamna zai iya korar alƙalin babbar kotu shi kaɗai.
3. Kowa yana iya shiga kotu ya saurari shari'a.

C. Amsa a taƙaice
1. Kawo rauni uku na ra'ayin jama'a.
2. Me ya sa alƙalin da ake zaɓa yakan tsananta hukunci dab da zaɓe?
3. Me ya sa aka ce ya kamata Brent Benjamin ya janye daga shari'ar kamfanin Massey?
4. Kawo dalilai biyu da kotun Katsina ta dogara da su a shari'ar Amina Lawal.

D. Lissafi
An yanke wa mutum ɗaurin wata 40. Idan aka ƙara kashi 10 cikin 100, wata nawa zai yi?

E. Aikin rukuni
Ku rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kāre ra'ayin a riƙa zaɓen alƙalin kotun garinku da ƙuri'a, ɗaya ya kāre naɗi. Kowane ɓangare ya kawo hujja uku daga darasin nan, ya kuma faɗi yadda tsarinsa zai kāre baƙo da marar galihu.